An gayyace ni adashen ambato, ƙarin girma kuma ya tsaya

Assalamu alaikum Mama Farfesa, ranki ya daɗe. Ni malama ce a sashen kimiyyar sinadaran magani na wata jami'a a Arewa. Digirina na uku a kan saiwar gwandar daji na yi shi. Na tace sinadarai uku daga cikinta, ɗaya ya kashe ƙwayoyin sankarar mama a faifan gwaji. Maƙaloli huɗu kacal gare ni, ambaton da aka yi musu a maƙalolin wasu masana kuma bai kai ashirin ba. Abokin aikina da aka ɗauke mu tare yana da maƙaloli sama da arba'in, kusan duk gwajin kwamfuta ne, ambatonsa ɗaruruwa, har an yi masa ƙarin girma ni ina nan. Yanzu wani babba a sashenmu ya saka ni a wani zauren WhatsApp inda ƙa'idar ita ce kowa ya ambaci maƙalolin 'yan zaure, a riƙa kuma saka sunayen juna. Ya ce in raba abin da ya rage na aikina gida biyar in tura wata mujalla mai bugawa cikin mako biyu, sannan a kira 'yan jarida a ce mun gano maganin kansa. Maigidana ya ce in bi a hankali kada in saɓa wa manya. Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. Me ya kamata in yi?

Wa alaikumus salam, 'yata.

Kada ki shiga adashen nan. Kada kuma ki yarda a kira 'yan jarida. Waɗannan biyun ba su da wani gyara. Batun raba aiki da gwajin kwamfuta kuwa akwai magana a ciki, za mu zo kanta.

Ba zan ce miki lambobin nan ba su da amfani ba, don da na faɗi haka da na yi miki ƙarya. Albashinki da matsayinki sun rataya a kansu, kuma kwamitin da zai duba takardunki ba zai zauna ya karanta sakamakon NMR ɗinki, wato na'urar gano tsarin sinadari, ba. Ƙirge zai yi. Amma yana da kyau ki san abin da ake ƙirgawa. Makin tasirin mujalla, wanda Eugene Garfield ya assasa, lissafi ne na yawan ambaton da maƙalolin mujalla suka samu cikin shekaru biyu bayan fitowarsu. Don auna mujalla aka yi shi, ba don auna mutum ba. Ma'aunin h kuma wani masanin fiziya ne a Jami'ar Kalifoniya ta San Diego, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005: in kina da maƙaloli goma da aka ambaci kowacce sau goma ko fiye, h ɗinki goma ke nan. Ma'aunin bai san ko yabo aka yi miki ko ƙaryata ki aka yi ba, bai san ko ke kika yi aikin ko sunanki aka liƙa a tsakiya ba. Shi ya sa a 2012 masana suka taru a San Francisco suka tsara sanarwar da ake kira DORA, suna roƙon jami'o'i su daina amfani da makin mujalla wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma. Jami'o'i da hukumomi da yawa sun sa hannu. Kwamitocinmu dai har yanzu ƙirge suke yi.

Ki kuma lura da irin maƙalolin da suka fi tara ambato a duniya. Wadda ta daɗe tana kan gaba ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, a kan yadda ake auna furotin, da ambato sama da 300,000. Gwajin MTT na auna yawan ƙwayoyin da suka rayu a faifai, wanda ina jin shi kika yi amfani da shi a kan ƙwayoyin sankara, maƙalar Tim Mosmann ce ta 1983, kuma duk wanda ya yi gwajin sai ya ambace ta. Waɗannan hanyoyin aiki ne da kowa ke buƙata kullum. Ambato shaida ce cewa wani ya ɗauki aikinki ya yi amfani da shi. Wanda ya tace sabon sinadari daga saiwa, masu buƙatar aikinsa 'yan kaɗan ne a duniya, kuma ba da wuri suke zuwa ba.

Fagen da kika zaɓa mai jan lokaci ne, kuma ina so ki riƙe tarihinsa a ka saboda ranakun da zuciya za ta karaya. Monroe Wall da Mansukh Wani, a cibiyar bincike ta Research Triangle da ke Amurka, sun buga tsarin sinadarin kamtotesin mai kashe ƙwayoyin sankara a 1966, daga wata bishiyar ƙasar Sin. Sinadarin ba ya narkewa a ruwa, sai aka mayar da shi gishirin sodiyam don a iya yi wa marasa lafiya allura. Yin hakan ya buɗe wani zobe a jikin sinadarin wanda ƙarfinsa ya dogara a kai. Da aka gwada a farkon shekarun 1970, amfani kaɗan, illa da yawa, har da zubar jini a mafitsara. Aka jingine shi. Sai a 1985 ƙungiyar Leroy Liu a Jami'ar Johns Hopkins ta gano cewa wani enzayim mai warware murɗin DNA, topo'isomares na ɗaya, shi yake kamawa. Nan masana sinadaran magani suka dawo kansa, suka yi ta sauya masa gaɓoɓi har aka samu topotekan da irinotekan, waɗanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su a 1996. Shekara talatin ke nan daga maƙalar farko. Wall da Wani su ne kuma suka buga tsarin wani sinadarin, taksol, a 1971, daga ɓawon wata bishiya da aka saro a 1962. Susan Horwitz ta bayyana yadda yake hana ƙwayar halitta rabuwa a 1979, amincewa da shi a matsayin maganin sankarar ƙwan mace kuma sai a ƙarshen 1992. Da ma'aunin shekara biyu aka ɗora wa Wall da Wani a wancan lokaci, da abokin aikinki mai maƙala arba'in ya riga su zama farfesa.

Yanzu adashen. Matsalarsa ta farko ita ce ƙarya ce tsagwaronta: kin sa suna a jerin madogara alhali ba ki dogara da aikin ba, kin karɓi suna a kan maƙalar da ba ki san yadda aka yi ta ba. Ƙa'idar da yawancin mujallun lafiya ke bi ta ce marubuci shi ne wanda ya ba da gudummawa ta gaske ga aikin, ya sa hannu a rubutun, ya amince da shi, ya kuma yarda zai amsa tambaya a kansa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ramin. Ranar da aka gano hoton ƙwayoyin halitta da aka kwafo daga wata maƙala aka juya shi, ba za a tambayi wanda ya kwafo ba, duk sunayen da ke sama za a jera. Matsala ta biyu, ana kamawa, kuma kamun ya fi sauƙi yanzu, don jerin madogara a buɗe yake, kwamfuta tana iya zana wa ke ambaton wa cikin ƙiftawar ido. A 2013 kamfanin da ke fitar da makin mujallu ya dakatar da wasu mujallu huɗu na Birazil saboda sun haɗa baki suna ambaton juna. A 2023 an janye maƙaloli sama da 10,000 a duniya, fiye da 8,000 daga cikinsu na mawallafa Hindawi ne, kuma daga cikin dalilan akwai sayar da gurbin suna da cusa ambato. Scopus ma, ma'ajiyar da ke jera mujallun da ta amince da su, tana cire mujallu daga jerinta a kai a kai, don haka mujallar mako biyun nan tana iya kasancewa a ciki yau, ranar da takardunki za su je wurin masu tantancewa na waje kuma babu ita. Kuɗin bugawa ya tafi, aikin ya ƙone, don ba za ki iya sake buga shi a wani wuri ba.

Google Scholar, shafin da ke ƙirga ambato, da ake ta nuna wa juna a waya kuwa, a 2024 wasu masu bin diddigin maguɗi sun buɗe wa wata kyanwa shafi, suka loda maƙalolin shirme da sunanta, ta tashi da ambato sama da ɗari. Masu tantancewa na kirki sun san wannan. Na zauna a irin waɗannan kwamitoci, kuma abin da mai hankali ke fara yi shi ne ya buɗe jerin masu ambaton ya ga ko mutum shida ne ke ta zagaya juna.

Akwai maganar da ba ki tambaye ni ba, amma ita ta fi damuna. Kin ce sinadarinki ya kashe ƙwayoyin sankarar mama a faifan gwaji. Madalla. Sai dai kashe ƙwayar halitta a faifai abu ne mai arha, ruwan bilic ma yana yi. Cibiyar binciken sankara ta Amurka ta gwada tatson tsirrai sama da 100,000 daga 1960 zuwa farkon shekarun 1980, magungunan da suka fito daga ciki kuwa ba su cika yatsun hannu ba. Ko waɗanda suka kai ga gwaji a jikin mutane, wani lissafi da masana a MIT suka buga a 2019 ya nuna kashi 3.4 cikin ɗari ne na magungunan sankara ke kaiwa ga amincewa. A 2012 Glenn Begley da Lee Ellis suka rubuta a mujallar Nature cewa masana a kamfanin Amgen sun yi ƙoƙarin maimaita manyan binciken sankara 53, shida kaɗai suka tabbata. Waɗannan fa ayyuka ne daga manyan ɗakunan gwaji, masu ambato da yawa.

Don haka ki zauna ki tuhumi aikinki kafin wani ya tuhume shi. Ƙwayoyin da kika yi gwajin da su, ina jin MCF-7 ne, layin ƙwayoyin sankarar mama da ake renon sa a ɗakin gwaji, daga ina suka fito, an tantance su da gwajin DNA ko dai daga wani ɗakin gwaji aka ɗebo miki a kwalba? Ba tambayar banza ba ce, don layin HEp-2 da dubban maƙaloli suka kira sankarar maƙogwaro daga baya ya tabbata HeLa ce, ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa. Kin gwada sinadarin a kan lafiyayyun ƙwayoyi don a ga ko yana bambancewa, ko dai duk abin da ya taɓa yake kashewa? Kin sa doksorubisin, sanannen maganin sankara, a gefe a matsayin ma'auni? Gwajin sau uku kika yi a ranaku daban-daban, ko ramuka uku ne a faifai ɗaya? Tsaftar sinadarin kashi nawa ce, kuma tsarin da kika zana ya tsaya a kan cikakken NMR mai fuska biyu da ma'aunin nauyi mai zurfi, ko a kan zato daga na'urar GC-MS? Wannan na ƙarshen shi ne ciwon maƙalolinmu da yawa: a zuba tatso a na'ura, ta jero sunaye daga rumbunta, a kwafe a ce an gano. Sannan saiwar da ɓawo cike suke da tanin, mai manne wa kowane furotin ya ba da sakamakon ƙarya. Jonathan Baell da Georgina Holloway sun jera irin waɗannan sinadarai masu yaudarar gwaji a 2010. Babban misali shi ne sinadarin kurkum: dubban maƙaloli, ambato ba iyaka, amma bitar da aka buga a 2017 a mujallar Journal of Medicinal Chemistry ta nuna ba ya daɗewa kafin ya lalace, jiki ba ya shan sa sosai, kuma yana rikita gwaje-gwaje.

Gwandar daji tana da nata haɗarin na musamman, kuma shi ne babban dalilin da ya sa na ce a bar 'yan jarida. Danginta suna ɗauke da asetojenin, sinadarai masu toshe numfashin ƙwayar halitta a cikin mitokondiriya. Suna kashe ƙwayar sankara da ƙarfi, suna kuma taɓa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. A tsibirin Gwadalup, binciken da aka buga a mujallar Lancet a 1999 ya danganta wani nau'in ciwon karkarwa da yawan shan 'ya'ya da shayin ganyen 'yar uwarta, Annona muricata. Ki duba ko sinadarinki daga wannan dangi yake. Ko ma ba daga ciki yake ba, ki yi tunanin abin da zai biyo bayan labari a rediyo cewa malaman jami'a sun gano maganin kansa a saiwar gwandar daji. Washegari masu sayar da magani a mota da lasifika za su ɗauka. Mata masu ƙullutu a mama, waɗanda dama da yawansu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya yi nisa, za su ƙara wata shida suna shan jiƙo. Wannan alhaki ne da ƙarin girma ba zai wanke ba.

To me za ki yi da zancen ƙarin girman? Da farko ki nemi kundin ƙa'idojin jami'arku ki karanta da kanki, kada ki dogara da abin da ake faɗa a ofis. Ki ga maki nawa ake nema a matakinki, nawa ake bai wa marubuci na farko, wane jerin mujallu aka yarda da shi, ko ana ƙirga babin littafi da maƙalar taro. Sau da yawa mutum yana kusa da cika sharaɗi bai sani ba, tsoron lambobin wani ne ya rufe masa ido.

Raba aiki ba haramun ba ne in kowane yanki yana da tambayarsa da amsarsa. A abin da kika bayyana ina ganin maƙaloli biyu na gaskiya: ɗaya a kan tacewa da tabbatar da tsarin sinadaran, ɗaya a kan aikinsu a ƙwayoyin halitta bayan kin cike giɓin da na lissafa. In kika iya sauya wa sinadarin wata gaɓa, ko da asetil ko metil kika ɗora masa, kika samu 'yan uwa shida ko takwas kika nuna wane sauyi ke ƙara ƙarfi wane ke rage shi, kin samu ta uku, kuma ita ce ainihin kimiyyar sinadaran magani. Ita ce kuma irin wadda ake ambata, don mai son ci gaba daga inda kika tsaya dole ya biyo ta kanki. Gida biyar kuwa sai kin maimaita tebur ɗaya a wurare uku. Ki ƙara da bita guda mai kyau a kan sinadaran gwandar daji, ba jerin "wane ya ce, wane ya ce" ba, bita mai faɗin wane sakamako ne abin dogaro, wane ne ba shi da tushe. Bita ta fi maƙalar gwaji jan ambato, kuma halal ce.

Gwajin kwamfuta ma kada ki raina shi don haushin abokin aikinki. Kayan aiki ne, yana taimakawa wajen zaɓen abin da za a haɗa ko bayyana abin da aka gani a faifai. Abin da ba ya yi shi ne tabbatar da cewa sinadari magani ne. Ki koye shi ki haɗa da sakamakonki na zahiri. Ki ma je wurin abokin naki ki ce ya yi miki wannan ɓangaren, ya shiga maƙalar a kan aikin da ya yi da hannunsa. Ba mamaki shi ma ya gaji da lissafin da ba a taɓa gwadawa a faifai ba.

Na san inda takalmin ke matsa miki: na'urar NMR tana nesa, wuta ba ta tsayawa, sinadaran gwaji da dala ake saye. Hanyar ita ce haɗin gwiwa na gaske. Cibiyar binciken sankara ta Amurka tana da shirin NCI-60, inda ake gwada tsarkakakken sinadari a kan nau'o'in ƙwayoyin sankara kusan sittin ba tare da cajin kuɗin gwaji ba, bayan sun duba tsarinsa sun amince. Sakamako daga can ya fi maƙaloli biyar na mako biyu nauyi a idon duk wanda ya san fagen. A nahiyarmu akwai cibiyar H3D a Jami'ar Cape Town, wadda Kelly Chibale ya kafa a 2010, tana horar da masana haɗa magani daga ƙasashen Afirka. Ƙungiyar OWSD tana da tallafi na musamman ga mata masu bincike a ƙasashe masu tasowa, TWAS, cibiyar kimiyya ta duniya mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa, ma tana da nata, a gida kuma akwai tallafin bincike na TETFund da ake nema ta hannun jami'a. Ki rubuta wa masu aiki a kan dangin wannan tsiro wasiƙa gajera, ki haɗa da hoton NMR ɗinki, ki faɗi abin da kike da shi da abin da kike nema. Wasu ba za su amsa ba. Kafin ki aika wa kowa ko miligiram ɗaya, a sa hannu a yarjejeniyar musayar samfur ta ofishin jami'arku, a rubuta wa zai zama marubuci na farko. Ki buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike, ki tsayar da rubutun sunanki iri ɗaya a ko'ina, don mata da yawa suna asarar ambato saboda rabin maƙalolinsu da sunan uba, rabi da sunan miji.

Maigidanki bai yi kuskure ba da ya ce ki bi a hankali. Babban nan zai zauna a kwamitin sashe ranar da takardunki za su wuce, don haka ba a zauren WhatsApp za ki ba shi amsa ba, ba kuma da wa'azi ba. Ki same shi a ofis, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki gode masa da ya tuna da ke. Ki ce, "Ranka ya daɗe, mujallar da nake hari tana tambayar gudummawar kowane marubuci a rubuce, tana kuma bin jerin madogara, ina tsoron in jawo mana magana." Batun 'yan jarida ki ce sai sakamakon lafiyayyun ƙwayoyi ya fito. In yana da maƙalar da ta shafi aikinki da gaske, ki ambace ta, haƙƙinsa ne. In yana son suna a maƙalar, ki ba shi aiki: ya duba fassarar NMR, ko ya samo hanyar zuwa na'urar. Zauren kuma ba sai kin fita da ƙara ba, ki yi shiru a ciki na ɗan lokaci, kada ki tura maƙala, kada ki karɓi suna, sannan ki zame. In kika ga an saka sunanki a wata maƙala ba da saninki ba, ki rubuta wa babban marubucin ta imel a ranar ki nemi a cire, ki ajiye kwafi. Ki riƙa ajiye littafin ɗakin gwajinki da ainihin fayilolin na'ura a wuri biyu, ɗaya a gida.

Ki shirya wa yiwuwar zagayen ƙarin girma ɗaya ya wuce ki. Ki gaya wa maigidanki haka tun yanzu, ku yi lissafin gida a kan albashin da ke hannu. Kafin zagaye na gaba, aikin da ke gabanki shi ne gwajin lafiyayyun ƙwayoyi, cikakken NMR na sinadarai ukun, da wasiƙar neman haɗin gwiwa. Ki fara da wasiƙar a makon nan, don ita ce amsarta ke daɗewa.

Allah ya yi miki jagora, ya sa albarka a aikin.